Bayan an sa hannu a kasafi, wa ke bin ba'asin kuɗin?

A watan Maris na 2024, Sanata Abdul Ningi mai wakiltar Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya ce akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin kuɗin shekarar waɗanda ba a ga ayyukan da aka jingina su a kai ba, balle wuraren da za a yi ayyukan. Kasafin baki ɗayansa tiriliyan 28.7 ne. Ba a rufa mako ba Majalisar Dattawa ta dakatar da shi na wata uku, ranar 12 ga watan. Fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata shi, kwamitin kasafi na majalisar kuma ya ce yawancin kuɗin na hukumomin da doka ta yanka wa kasonsu kai tsaye ne, shi ya sa ba a zayyana su layi-layi a kundin ba. Ƙarshen watan Mayu aka mayar da shi kujerarsa, ƙura ta lafa.

A nan Bauchi an daɗe ana tafka gardama a kan lamarin, daga teburan masu shayi na Wunti har ƙofar masallatai bayan lisha. Wasu na cewa namijin duniya ne, ya faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Wasu na cewa siyasar adawa ce kawai. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A zaman da aka dakatar da shi, wani sanata daga Kuros Riba, Jarigbe Agom Jarigbe, ya miƙe ya ce an ba wasu manyan sanatoci ayyukan naira miliyan 500 kowannensu, shi kuwa bai samu ba. Nan take zaure ya kaure da hayaniya. An shiga zaman da tambayar ina tiriliyan 3.7 suka dosa, aka fito da zancen wa ya samu wa bai samu ba, aka kuma hukunta wanda ya tono maganar. Ko da a ce Ningi ya yi kuskure a lissafinsa, ai maganin kuskuren lissafi shi ne a baje takardu kowa ya gani.

Aikin baitulmali na yi a wata ƙaramar hukuma a jihar nan har na yi ritaya, don haka duk inda ake maganar kuɗin gwamnati idona kan takarda yake sauka. Kuɗin hukuma wuri biyu ake tsare su, kafin su fita da kuma bayan sun fita. In bauca, wato takardar biyan kuɗi, ta zo teburinka, za ka buɗe littafin kaso ka nemo layin da aka ɗora kuɗin a kai, ka ga nawa kansiloli suka amince a kashe a shekarar, nawa aka riga aka kashe, nawa ya saura. In babu saura, bauca ta koma inda ta fito. Ma'ajin da na fara aiki a ƙarƙashinsa dattijo ne mai sanyin murya, Allah ya jiƙansa da rahama. Ina zaune wata rana wani ɗan kwangila ya tsaya masa a ka da fayil a hannu.

"Haba Baba Ma'aji, ai Ciyaman ya riga ya sa hannu."

Dattijon ya juya masa littafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Alhaji, duba nan da kanka. Na ga hannun Ciyaman, kuma ina ganin girmansa. Amma kason kwalbatoci ya ƙare tun watan jiya. Sai an koma wa kansiloli sun amince da ƙari."

Alhajin ya yi ta faɗa har ya gaji ya fita. Tsaro na farko ke nan. Na biyu yakan zo bayan an rufe littafin shekara, in oditoci sun sauka daga Bauchi. Su ba ruwansu da wanda ya sa hannu. Rasit suke nema da takardar shaidar kammala aiki, su shiga sito su ƙirga buhunan siminti, wani lokaci ma su ce a ɗauke su a kai su su ga kwalbatin da aka biya. Kwiri ɗaya daga odita, wato takardar neman ba'asi, yakan hana babban ma'aikaci barci. Ba wai a zamaninmu babu ɓarna ba. Akwai, kuma daga baya abubuwa sun saki ƙwarai. Amma na ga yadda mutum ke janye hannu in ya san akwai ranar da za a zaunar da shi a tambaye shi.

Waɗannan tsaro biyu su ne kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora a wuyan Majalisar Dokoki ta Tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, a kan dukiyar ƙasa baki ɗaya. Sashe na 80 ya ce kuɗin shigar gwamnatin tarayya su taru a asusu guda, kuma in ban da abin da kundin da kansa ya yanka, ba a cire ko kwabo sai da dokar da majalisa ta zartar. Sashe na 81 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya kawo wa majalisa ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe. In an makara, sashe na 82 ya ba shi damar ci gaba da tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida bisa ma'aunin kasafin bara. Sashe na 85 ya tanadi Odita Janar, ya ce ya miƙa wa majalisun biyu rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar lissafin Akanta Janar, kwamitin asusun gwamnati na kowace majalisa ya zauna a kai. Sashe na 88 da na 89 kuma sun ba su ikon bincike don tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci, da ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani, har da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Duk wanda ya karanta sassan nan zai ga majalisa ba ta rasa haƙora a takarda ba.

Kuma ba cikin ruwan sanyi majalisun duniya suka samu wannan iko ba. A Ingila, inda muka gaji tsarin asusun gwamnati, rikicin wa ke da ikon sa haraji yana cikin abin da ya kai su ga yaƙin basasa da sare kan Sarki Charles na ɗaya a 1649. A 1689 aka rubuta a doka cewa sarki ba zai karɓi kuɗi daga jama'a ba sai da yardar majalisa. Sai a 1861 suka kafa kwamitin bin diddigin asusun gwamnati, da suka gane cewa amincewa a kashe kuɗi kaɗai ba ta wadatar. Mu ma a garin nan muna da namu tarihin. A shekarun 1940, a zauren muhawarar da su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke halarta, an tayar da tambayar me ake aunawa wajen yanka albashin sarki, a lokacin da baitulmalin En'e ba wurin da talaka ke leƙawa ba ne. Ba a jima ba aka rufe zauren. Mu kuwa da muka yi aiki a zamanin soja mun san kasafin da ake karantowa a rediyo farkon shekara: ka saurara, ka kashe rediyonka, babu wanda za ka kai wa ƙorafi. Shi ya sa har gobe ba na tare da masu cewa a rushe majalisa a huta.

To me majalisar ta yi da ikon tun daga 1999? Inda ta fi zuba ƙarfinta shi ne saka ayyuka a kasafi, abin da 'yan jarida ke kira cushe. A 2016 Abdulmumin Jibrin, bayan ya sauka daga shugabancin kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da cusa ayyuka, ciki har da Kakaki Yakubu Dogara, ɗan jihar nan. Suka musanta, suka ce doka ta ba majalisa hurumin gyara kasafi, shi ma aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Yunin 2018, ranar da marigayi Shugaba Buhari ke sa hannu a kasafin tiriliyan 9.12, ya koka cewa majalisa ta zaftare biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya gabatar, ta shigo da nata guda 6,403 na biliyan 578. Cikin waɗanda aka rage wa kuɗi har da tashar lantarki ta Mambila, a nan Arewa maso Gabas. A kasafin 2025, Shugaba Tinubu ya fara kawo tiriliyan 49.7, daga baya shi da kansa ya nemi a ƙara, aka zartar da tiriliyan 54.99, ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce ta ƙirga ayyuka sama da 11,000 na kusan tiriliyan 7 da aka saka a majalisa.

Ba na cikin masu cewa majalisa ba ta da hurumin taɓa kasafi. Wadda za ta karɓa ta buga hatimi ta mayar, ai 'yan amshin shata ke nan. Kuma wakilin Ningi da Warji, ko na Darazo da Ganjuwa, ya fi wani darakta a Abuja sanin ƙauyen da mata ke haihuwa a hanya saboda nisan asibiti. Damuwata tana kan yadda ake saka ayyukan da abin da hakan ke jawowa.

Bara mun je gaisuwar rasuwa ƙauyenmu tare da ɗan ƙanena, wanda bai jima da gama bautar ƙasa ba. A bakin gari akwai allon kwangila, fentin ya fara koɗewa, amma hoton ɗan majalisa na nan raɗau, sai sunan wata kwalejin tarayya a ƙasa da ƙananan haruffa. Aikin kuwa fitilun kan titi ne masu aiki da hasken rana, an jera turakunsu daga kasuwa zuwa ƙofar Sarki. Da magariba ta yi muka ga wasu sun kama, wasu duhu; ɗaya ma akwatin batirinta a buɗe yake, babu komai ciki sai sheƙar tsuntsu. Yaron ya ciro waya, ya ce ya sauke kundin kasafin daga shafin ofishin kasafi na tarayya. Muka zauna a tabarma yana ta ja da yatsa, shafi bayan shafi.

"Bappa, ga shi nan. Duba lambar, da ERGP take farawa, duk ayyukan haka suke. Samar da fitilun sola a wasu zaɓaɓɓun garuruwa. Ba a faɗi garuruwan ba, ba a faɗi guda nawa ba."

Na ce, "A ƙarƙashin wace ma'aikata?"

"Ba ma'aikatar lantarki ba ce, Bappa. Kwalejin nan ce da ke jikin allo. A kudu take, kuma aikinta koyarwa ne."

Da safe na tambayi mai unguwa wa za su kai wa kuka a kan waɗanda suka mutu. Ya ce, "Wallahi Malam, ba mu sani ba. Dare ɗaya muka ga mota ta sauke kaya, kwana kaɗan suka kafa suka tafi. Mu dai mun gode, don da babu gara ba daɗi."

Wannan layi da yaron ya nuna mini, da a teburin marigayi Ma'aji ya sauka, ba zai wuce ba. Aikin da ba a faɗi wurinsa ba, ba a faɗi adadinsa ba, da me odita zai auna shi? In an kafa goma aka ce ɗari aka biya, takarda ba za ta ƙaryata kowa ba. Sannan kwalejin da ke ɗaruruwan kilomita daga nan ba ta da injiniyan da zai zo ya duba, ba ta da kason gyara, ba ta ma san hanyar garin ba. Mafi muni, a yawancin lokuta hukumar da ake ajiye aikin a cikinta tana ƙarƙashin kwamitin da aka ɗora wa sa ido a kanta. Ranar kare kasafi, shugaban hukuma na neman a bar masa kasonsa, ɗan majalisa na neman a fitar masa da aikinsa. Mutum biyu da buƙatarsu ta haɗu haka, wa zai tsare wani da tambaya? A nan ne tsaro na biyu ke mutuwa tun kafin a kashe ko sisi.

Shekara da shekaru an riƙa ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu, ban da waɗanda ake sakawa a kasafin ma'aikatu. A 2019 Buhari ya ce an ware tiriliyan ɗaya a shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu jiha-jiha. Abin takaici ne a ce wata hukuma ce daga ɓangaren zartarwa ke bin ayyukan masu sa ido.

Ana cikin wannan raba kuɗi gutsi-gutsi, manyan ayyukan da za su canza rayuwar yanki suna kwance. Madatsar ruwa ta Kafin Zaki tun zamanin Shagari ake batunta; an fara, an tsaya, an sake tayarwa a shekarun 1990, an sake tsayawa. Mutanen Yobe da Borno suna da fargabarsu a kan ruwan da ke gangara musu da fadamun Haɗeja da Nguru, kuma fargaba ce mai tushe. Irin wannan ce maganar da ta dace da zauren majalisa: a kira masana, a ji kowane ɓangare, a yanke ko a yi ko a bari, in za a yi a sa mata kuɗin da zai kammala ta. A Gombe, madatsar Dadin Kowa an gina ta tun shekarun 1980, amma sai bayan sama da shekara talatin ta fara ba da lantarkin megawat 40 ɗin da aka tsara mata. Shekara nawa wakilai suka yi suna wuce layinta a kasafi?

Duk wannan ma a kan kuɗin da suka bi ta majalisa ne. Akwai waɗanda ba su bi ba, kuma su suka fi tayar mini da hankali. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 38, ta yarda bankin ya ba gwamnatin tarayya rancen wucin gadi in kuɗin shiga sun yi jinkiri, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da gwamnati ta samu a bara, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. A ƙarshen 2022 wannan rance ya kai naira tiriliyan 22.7. Kuɗi ne da aka karɓa aka kashe shekara bayan shekara, majalisa na zaune. A watan Disambar 2022 Buhari ya rubuta yana neman a mayar da shi bashin dogon zango, a watan Mayun 2023, saura 'yan makonni ya sauka, majalisa ta amince: shekara 40, ruwa kashi 9. A Disambar 2023 aka amince da wani tiriliyan 7.3. Sai a farkon 2024 Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin binciken yadda aka kashe kuɗin, bayan an riga an ɗora wa jikokinmu. Da an yi tambayar tun rancen yana tiriliyan ɗaya, da ba mu kai nan ba. Kuma wannan ba maganar Abuja kaɗai ba ce: kuɗin da banki ya zuba a gari ba tare da kaya sun ƙaru ba suna cikin abin da ya tura hauhawar farashi sama da kashi 34 a ƙarshen 2024. Duk wanda ke auna masara a kasuwar Muda Lawal ya biya nasa kason.

Haka tallafin man fetur. A kasafin 2011 biliyan 245 aka ware masa, abin da aka biya ya haura tiriliyan 2. Bayan zanga-zangar Janairun 2012 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farouk Lawan, aka riƙa nuna zaman a talabijin. Ina tuna yadda muke taruwa a shagon wani maƙwabci muna kallon manyan jami'ai suna inda-inda, alƙaluman wannan ofis sun saɓa da na wancan. A lokacin na ga abin da sashe na 88 zai iya yi in an yi amfani da shi. Sai ga shi shugaban kwamitin da kansa kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairun 2024. Ɓarnar da wannan ya yi wa sunan binciken majalisa ba ƙarama ba ce. Tun daga nan, in aka ji an kafa kwamiti, mutane sai su ce a jira a ga nawa za a daidaita.

Shi kuwa rahoton Odita Janar, wanda shi ne ginshiƙin tsaro na biyu, a makare yake zuwa. Na shekarar 2021 sai a ƙarshen 2024 ya fito. Kafin kwamitin asusun gwamnati ya kira babban sakatare, an canza masa ma'aikata ko ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Kwamitocin nan, waɗanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta, suna yawan kukan cewa shugabannin hukumomi na ƙin amsa gayyata, alhali ikon sammaci na hannunsu, haka ma ikon riƙe kason hukumar a kasafi na gaba. Sai kuma sabuwar al'adar da ta shigo ta ƙara wa kasafi wa'adi. A Disambar 2019 an yi murna da aka sa hannu a kasafin 2020 kafin shekara ta kama, aka ce an dawo kan tsarin Janairu zuwa Disamba. Amma a 2024 lokaci guda ana gudanar da manyan ayyukan kasafin 2023, da ƙwarya-ƙwaryar kasafin 2023 na tiriliyan 2.17, da kasafin 2024. Na 2024 ɗin ma aka ja shi har ƙarshen 2025. Duk akanta ya san littafin da ba a rufe ba ba ya bincikuwa. In shekaru suka cakuɗe, aiki ɗaya yana iya bayyana a wuri biyu, kuma babu ranar da za ka ce wa minista ga abin da aka ba ka, ga abin da ka yi, ina saura?

A kasafin 2025 sama da tiriliyan 14 aka ware wa biyan bashi da ruwansa, fiye da na ilimi da na lafiya in an haɗa su. Basussukan nan ma gaban majalisa ake kai su neman amincewa, kuma sau da yawa cikin 'yan kwanaki ake gamawa.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da me muke auna ɗan majalisa a nan? Babura nawa ya raba, kekunan ɗinki nawa, shinkafar azumi, kujerar Makka, takardar ɗaukar aiki. In ya zo hutun ƙarshen mako, ƙofar gidansa cike take tun asuba, kowa da takardar asibiti ko kuɗin makaranta ko ɗaurin aure. Na halarci tarukan siyasa da dama a garin nan, ban taɓa jin wanda ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wane kwamiti kake, kuma me ka gano a lissafin hukumar da ke ƙarƙashinka?" ba. Wanda ya yi shekara huɗu yana tsare ministoci da tambaya amma bai kawo fitila ko ɗaya ba, za mu ce bai tsinana komai ba, mu kayar da shi. Sun san haka sarai. Ba na ganin laifin mai jin yunwa da ya miƙa hannu, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wanda bai ci ba tun jiya ba za ka karanta masa sashe na 85 ba. Amma mu da muka yi boko, malaman makaranta, tsofaffin ma'aikata, limamai, 'yan jaridar gidajen rediyon Bauchi da Gombe, ba mu da wannan uzurin. Mu ma takardar neman aikin 'ya'yanmu muke kai musu.

Jihar Bauchi na da sanatoci 3 da wakilai 12, Gombe na da sanatoci 3 da wakilai 6. Abin da nake nema daga gare su bai fi ƙarfinsu ba. Duk aikin da mutum ya saka a kasafi, ya fito a rediyo da Hausa ya faɗi sunan garin, da adadin, da kuɗin, da hukumar, da ɗan kwangilar, tun kafin mota ta sauke kaya. A daina ajiye rijiyar burtsatse a kwaleji, a kai ta hukumar da ke da injiniyan ruwa, wadda za a iya kama ta in famfo ya tsaya. In gwamnati ta zo neman sabon bashi ko ƙarin wa'adi, a ce mata ta fara kawo lissafin na baya. Hukumar da ta ƙi amsa kwirin Odita Janar kuwa, a riƙe kasonta har ta amsa. Haka nake nema daga 'yan majalisar jiha 31 da ke Bauchi, don kundin ya ba su irin wannan ikon a kan kuɗin jiha, kuma yanzu jihohi na wallafa kasafinsu da rahoton oditocinsu a intanet, wanda zamaninmu sai mai hanya ke gani.

Ɗan ƙanena da abokansa sun fara nasu. Sun tsamo layukan da suka shafi mazaɓarmu daga kundin, suna bi gari-gari a babur suna ɗaukar hoton abin da suka tarar, suna tura wa masu bin diddigin ayyuka na Tracka. Na taya su rubuta wa ofishin mazaɓa takarda cikin ladabi, da sa hannun mai unguwa, muna tambayar fitila nawa aka biya a garinmu, nawa aka kashe a kowace ɗaya, kuma wa ke da alhakin gyaran waɗanda suka mutu. Mun ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kuma in lokacin kare kasafi ya zo ba a amsa ba, za mu aika wa kwamitin asusun gwamnati na Majalisar Wakilai da ofishin ICPC.